Fiyus Ɗin Bindigar Yaya

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan La'asar, muna zaure mu uku a gidanmu na Lolo: ni, da yayana, da babban ɗansa wanda ke fataucin kayan gwanjo daga tsallaken iyaka. Ɗan ya sauke wani kwali a gaban mahaifinsa, ya ce wasan yara ne ya samo a Binin, babu mai saye.

Titin roba ne gunduwa-gunduwa, ana haɗa shi ya zama da'ira. Yana da tsaga biyu, kowace da siririn ƙarfe a gefenta, da motoci biyu kamar tafin hannu. Akwai kuma abin riƙewa biyu masu waya, waɗanda muka sa wa suna bindiga, don kowace tana da kunama. In ka matsa, mota ta ruga. In ka saki, ta tsaya.

Yaya direba ne tun yana saurayi, har ranar da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Daga nan hannun yana kan cinya kawai. A asibiti an ce ya riƙa matsa ƙwallo, ya ce shi ba jariri ba ne. Amma ranar nan ya kalli motocin ya ce, "Miƙo min wagga." Baƙar bindiga ta yi masa tauri. Shuɗiyar kunamarta laushi gare ta, yatsansa ya iya da ita. Motar ta motsa taku ɗaya, sai na ga ya gyara zama.

Tun daga ranar, kullum da yamma ni da shi muke tsere. Yana zagina a kowace kwana. "Auta, sassauta ƙafa. Wa ya ba ka lasin?"

Baƙar ce ta fara ƙonewa. Cokalin shayi ya faɗo ya kwanta a kan ƙarafan titi, ni kuma ina ta matsawa don motata ta ƙi tafiya. Sai wari, sai hayaƙi daga cikin hannuna. Da shuɗiyar ce, da shi ke nan, domin ɗansa ya zaga kasuwannin tsallake bai sami irinta ba.

Washegari na kai shuɗiyar wurin mai gyaran rediyo a Bagudo. Ya yanka wayar, ya sa mata ɗan fiyus na gilashi a tsakiya. Ya ce in wuta ta yi yawa, shi zai tsinke, bindiga ta tsira.

Na kafa doka. Da farko a kawar da shayi daga zaure. Sannan a share titi da busasshen tsumma. Sannan a tayar da injin janareta, a jira muryarsa ta daidaita. Bayan haka a sa filogi, bindiga ita ce ta ƙarshe. In an gama, ita ake fara cirewa. Yaya ya ce ko shingen kwastan bai kai ni tsanani ba. Da bindiga ɗaya muka koma karɓa-karɓa, ni na yi zagaye, shi ya yi, yana ƙirga kurakuraina.

Wata yamma wani ɗan ƙusa ya maƙale a tsaga, tsumma bai ɗauke shi ba. Fiyus ya tsinke. Na duba gwangwanin da nake ajiya, babu saura.

"Samo min takardar nan mai ƙyalli ta kwalin sigari," in ji Yaya. "A naɗe shi. Haka muke yi a mota."

"Ba za a naɗa ba, Yaya."

"Mi ka ce?"

"Na ce a'a. In an naɗa, wuta ba ta da inda za ta tsinke sai cikin bindiga."

"Na kai lodi har Kwatano da fiyus naɗaɗɗe, kana makarantar allo."

"Motar da ta ci wuta a hanyar Bahindi fa?"

"Wannan laifin yaron mota ne."

Tun tasowata ban taɓa ce masa a'a ba. Na naɗe wayar, na sa bindigar a aljihun rigata, na shiga da ita ɗaki. Ya daina yi min magana. In na gaishe shi da asuba, sai ya amsa wa bango. Abin da ya fi damuna, hannun ya koma kan cinya.

Ana ruwa a kwanakin, hanya ta lalace. Sai da ƙasa ta sha iska na hau babur zuwa Bagudo, na dawo da fiyus cike da ƙwaryar ashana. Na sa sabon fiyus, na bi dokata daga farko har ƙarshe. Na miƙa masa bindigar. Ya karɓa da hagu, ya ɗora a hannun dama, ya matsa. Motar ta sha kwana biyu lafiya.

"Kai da gwamnati ta ɗauke ka aiki," ya ce, idonsa na kan titi, "da ba motar da za ta wuce iyaka."

Har yau shuɗiyar tana aiki, yanzu kuma da wannan hannun yake ɗaukar kofinsa. Mai karatu, in akwai irin wannan abin wasa a gidanka, ina roƙonka ka sa masa fiyus tun yau. In ya tsinke, sayo wani. Kada ka naɗe shi da komai, ko da wanda ya girme ka ne ya ce ka naɗa.