Kawu Isiyaku, Tafintan da Ya Hana Ni Gaggawa

Ranar Talata da hantsi ina tashar Kankiya, mahaifiyata ta kira ni daga Kusada ta ce Allah ya yi wa wanta, Kawu Isiyaku, rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau ɗan acaɓa, na isa ana shirin sallatarsa.

Kawu tafinta ne a kotu har ya yi ritaya. Yana jin Hausa, Fillanci da Buzanci. Ni kuwa aikin da na kammala jami'a da shi manhaja ce mai sauraron muryar da aka naɗa a waya, ta faɗi harshen da ake magana da shi. Na yi ta ne saboda masu garkuwa da mutane da ke kiran iyalai. Ba ta gane mutum, ba ta fahimtar magana, harshe kawai take faɗa. Na nanata wannan ne domin a zaman makoki na ji ana cewa na ƙera na'urar kama ɓarayi.

Kawu ne ya zauna da ni a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, abin sauraro a kunne, yana tantance muryoyin da na naɗo da izinin masu su. In bai tabbata ba, sai ya ce a sake, ko sau nawa ne. Injiniya yake kirana, yana tsokanata wai kwamfutar ta fi ni haƙuri.

Da wani kwamitin tsaro ya nemi manhajar, har da alkawarin ɗaukata aiki, na so in miƙa musu ita nan take. Kawu ya ce mu fara gwada ta da muryar abokinsa mai sayar da gero a garin Boko, wanda ke cuɗa Hausa da Fillanci in yana waya da surukansa. Yawancin hirar Hausa ce, amma manhajar ta ce Fillanci, kai tsaye.

Kawu ya cire abin sauraron ya ce, “Injiniya, in na yi kuskure a kotu, wanda ake tuhuma yana gabana, zai gyara mini. Wannan wa zai gyara mata? Gobe sai a faɗa rugar mutanen da ba su ji ba, ba su gani ba.”

Na ce ina tsoron aikin ya wuce ni. Ya ce ya wuce mana, in kunyar Allah aka ji. Na rubuta wa kwamitin cewa sai na koya mata faɗin “ban tabbata ba”, kuma kada a yi aiki da amsarta sai tafinta ya saurara. Sun amsa za su jira. Na karanta masa amsar yana kwance, ya yi murmushi, ya ce in daina zumuɗi haka.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa Gwaggo Hinde da ’ya’yansa da mahaifiyata haƙuri. Ya kawo mana zaman lafiya, ya tsare mu da zama sanadin zaluntar wani. Amin.