Wutar Ofelia

Shekara talatin da huɗu ina maƙwabtaka da Ofelia Treviño, shingen waya ne kawai tsakaninmu. Ni na riƙe 'yarta ta fari ranar baftisma, shi ya sa take kirana komadre, ni ma haka nake kiranta. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa. Ta yi shekara ashirin da shida tana dafa wa 'yan firamare abinci, har ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu. A cikin taro ba ta da yawan magana, amma idan ta leƙo ta tagar ɗakin girkinta ta yi magana, har ƙarshen layi ana jin ta.

A garinmu, nan kudancin Texas, inda itacen kirya ya fi mutane yawa, wutar waje ta maza ce, ta ɗakin girki ta mata. Maza su gasa nama a tsakar gida, mu kuma mu yi wake da shinkafa da tortiya, gurasarmu mai faɗi marar kauri. Babu wanda ya rubuta dokar, ni kuwa tun ina budurwa take ba ni haushi. Sannan gidan da aka gasa naman Ista, a nan dangi suke taruwa. Shekara arba'in da ɗaya dangin Treviño suna cika gidan Ofelia, saboda mijinta Eusebio ya yi suna da gasa naman ƙirjin saniya a cikin wani tsohon tankin gas da ya yanka ya mayar murhu.

Abin da dangi ba su sani ba, ni na sani, don shingen waya ba ya tare magana. Ofelia ce take zaɓo naman, ita take datse kitsen, ita take haɗa gishiri da barkono. Eusebio zai zauna a gindin tankin da gwangwanin giyarsa, ita kuma tana wanke-wanke idonta na kan bututun hayaƙi.

“Eusebio, hayaƙinka fari ne.”

“Mace, ki bar ni da wutata.”

“Wutarka ce, amma bakinmu ne zai ci ɗacin.”

Sai ya yi ƙunƙuni, ya jira ta juya baya, ya lallaɓa ya zare itacen. Kirya ba a jefa ta ƙarƙashin nama haka nan. Sai an ƙone ta a gefe ta zama garwashi, a ɗebo da shebur, hayaƙin ya fito siriri, shuɗi-shuɗi. In ya yi fari ya turnuƙe, naman zai yi kyau a ido, a baki kuwa ɗaci. Da yamma dangi su yi ta yabon Eusebio, shi kuma yana gyara hula. Ofelia ba ta taɓa cewa uffan ba, tana rabon wakenta.

A watan Nuwamba zuciyar Eusebio ta tsaya, ya rasu. Washegarin da aka gama addu'ar kwana tara, ƙaninsa Anselmo ya zo da mota da sarƙa, ya ɗaura tankin a baya.

“Matar yaya, bari in rage miki tarkace,” in ji shi. “Wannan abin na maza ne. Bana a gidana za a yi Ista, ke dai ki zo da wakenki, kin san babu mai yin irinsa.”

Ofelia na tsaye da baƙaƙen kaya, tana kallon tankin. Ni ce na kusa tsallake shingen. Ba tankin ne ya dame ni ba. Ita kaɗai ta rage a gidan, yara duk suna San Antonio, kuma in taron Ista ya bar tsakar gidan nan, to ya bar shi ke nan, ta zama baƙuwa mai zuwa da tukunya a gidan wasu.

Goggo Remedios ce ta raba gardamar, yayar mahaifin Eusebio da Anselmo, mai shekara casa'in da ɗaya, idonta ya tafi amma har yanzu maganarta ce ake bi. Ta ce bana a yi a gidan Ofelia don ban kwana da marigayi, Anselmo ya dawo da tankin ya gasa a can. Daga baɗi kuma a koma gidansa.

A watan Fabrairu na ga Ofelia ta dawo daga kantin kayan gona da wani ƙaton kwali a bayan tsohuwar motar Eusebio. Sabon murhun gashi ne, a satin ne aka fara sayar da irinsa. Baƙi ne sumul, da akwati a gefe inda ake zuba itacensa. Itacen ma ba itace ba, garin katako ne aka matse ƙanana-ƙanana, sak kashin akuya. Ana jona shi da lantarki, a murɗa zafin da ake so, wani ƙarfe a ciki ya riƙa tura ƙwayoyin cikin wuta da kansa.

“Komadre, me za ki yi da wannan?”

“Hannuna ba ya riƙe gatari,” ta ce, ta nuna min yatsunta. “Amma yana murɗa maɓalli.”

Kafin Lahadi labari ya zaga gari. Anselmo ya zo takanas, ya zagaya murhun sau biyu yana riƙe da ƙugu.

“Matar yaya, injin wanki kika sake? Ina ake zuba sabulun?”

“A bakinka,” ta ce.

Gaskiya gwajin farko bai yi ba. Murhun ya riƙe zafinsa daidai tun asuba har la'asar, ba ta ko leƙa shi ba, naman ya yi laushi kamar me. Amma da ta yanko min na sa a baki, sai na rasa inda zan kalla. Babu ƙamshin wuta ko kaɗan.

“Faɗi mana,” ta ce.

“Ya yi laushi.”

“Abincin asibiti ma yana da laushi.” Ta ture farantin. “Injin nan ɗan kirki ne, komadre, ba ya ƙona komai, ba ya kuma sa komai. Amma zan koya masa.”

Na ce ta mayar musu da abinsu tun kwalin bai yage ba, kada ta ba Anselmo abin dariya har ƙarshen rayuwarsa. Ta yi kunnen uwar shegu da ni. Lahadi shida tana gwadawa. Sau ɗaya ta bar buhun ƙwayoyin a buɗe, raɓa ta jiƙa su, suka kumbura suka toshe ƙarfen, ta wuni tana sakace shi da tsinken saƙa tana zagin wanda ya ƙera shi. Ta rage zafi, ta canza buhu, duk hayaƙin bai kai ba. A Lahadi ta biyar na hango ta a bayan gida, wurin tarin kiryar da Eusebio ya faskara kafin ya kwanta, wadda Anselmo bai ɗauka ba. Ta ƙone guntaye uku a cikin tsohon kasko har suka zama garwashi, ta zuba a gwangwanin kofi da ta huhhuda da ƙusa, ta ajiye a cikin murhun kusa da naman. Da ƙamshin ya tsallako shingen, sai da na zauna a kan matakala, don na ɗauka Eusebio ne ya dawo.

Ranar Ista Anselmo ya iso tun da sassafe da tankin da 'ya'yansa maza biyu, suka kafa shi a inda yake a da, daidai saitin taga. Ofelia ta riga ta jona nata a baranda, wayar ta bi ta ƙarƙashin ƙofa. Ina ɗakin girki ina taya ta murza tortiya. Wajen ƙarfe tara na ga hannunta ya tsaya. Anselmo ya cusa kirya ɗanya shar a ƙarƙashin naman, hayaƙi fari fat yana ta bulbulowa. Ofelia ta tura tagar, ta ja numfashi, har bakinta ya buɗe. Sai ta rufe bakin, ta rufe tagar.

“Ba za ki gaya masa ba?”

“Ba mijina ba ne,” ta ce, ta ci gaba da murzawa.

Da la'asar mutum ya fi hamsin a tsakar gidan. Anselmo ya fito da nasa, baƙi ƙirin yana sheƙi, maza suka yi masa tafi. Ofelia ta ajiye nata a ƙarshen tebur kusa da wake, ba ta kira kowa ba. Aka fara da na Anselmo, don haka tsari yake. Na ga mutane suna taunawa a hankali, suna korawa da lemo, suna cewa ya yi ƙoƙari. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sulalewa ƙarshen tebur da sunan ƙarin wake.

Aka kai wa Goggo Remedios faranti mai yanka biyu. Ta ɗanɗana na farko, ta fitar da shi a tafin hannu ba kunya. Ta ɗauki na biyu, ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata, sai hawaye ya zubo.

“Wannan na Eusebio ne,” ta ce. “Wa ya gasa naman Eusebio?”

Ofelia ta goge hannu a gaban rigarta, ta matso har gaban kujerar tsohuwar.

“Nawa ne, Goggo,” ta ce, da muryar nan tata ta taga wadda dangi ba su taɓa ji ba. “Na bara ma nawa ne, da na shekara arba'in kafin shi. Shi ya zauna a gindin wuta, Allah Ya ji ƙansa, ya kuma iya zama. Baɗi a nan za a yi Ista. Wanda yake son wake, ya zo da shi.”

Anselmo ya buɗe baki, ya dubi matarsa don ta tare masa, ya tarar tana riƙe da yanka na uku na naman Ofelia. Goggo Remedios ta miƙa faranti ta ce a ƙara mata, magana ta ƙare ke nan. Ni kuwa daɗi ya kashe ni, ban ɓoye ba, har sai da Anselmo ya harare ni.

Kafin magariba aka watse. Anselmo ya ɗaura tankinsa, ya zo bakin ƙofa yana murza hula, ya ce in tana so ya bar mata shi. Ta ce ya tafi da abinsa, ya dai riƙa ƙone kiryar tukuna.

Muka rage mu biyu muna wanke-wanke. Na ce mata to yanzu me za ta ce game da murhun, tunda ya fitar da ita kunya. Ta ce babu laifi, yana riƙe zafi, ba ya shan giya, buhun ne kawai ba ya son raɓa. Sai ta tsaya tana kallon inda tankin ya bar sawu a ƙasa, ruwa na zuba a kan yatsunta.

“Abu ɗaya ne ba na so da shi, komadre,” ta ce. “Duk abin da na gaya masa sai ya yi. Ko sau ɗaya bai taɓa ce min in bar shi da wutarsa ba.”