Ƙota ga Libarbar Baba Audi

Dado taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma masassaƙi. Ni sunana Ila, baduku ne ni. Shekara talatin rumfata na jingine da tasa a kasuwar garinmu, tafiyar rabin yini daga Belbeji in jakinka ba malalaci ba ne. Shi yana kirana "mai warin jima", ni kuma ina kiransa "gara", don duk icen da ya yi ido biyu da shi sai ya cinye shi. Haka muke tun muna yawo ba wando, kuma in wuni ya wuce bai zage ni ba, sai na leƙa in ga ko lafiya.

Mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ta sha ba ni haushi. Ba ya sassaƙa wa kowa ƙota sai ya san hannunsa. A gindin rumfarsa akwai tukunyar jiƙaƙƙen yumɓu rufe da tsumma. Ko hauya ka kawo, ko gatari, ko 'yar wuƙar yankan kuɓewa, sai ya gutsuro curi ya miƙa maka ya ce, "Matse, kamar kana aiki." Ka matse, ya shanya curin, ya ajiye shi gabansa yana sassaƙa yana dubawa. Na sha ce masa ɓata lokaci ne, manomi ba sarki ba ne. Amma gaskiya ɗaya ce, hauyar Dado ba ta yi wa mutum kanta, shi ya sa har daga Tarka ake zuwa wurinsa.

A shekara ta biyar da samun mulkin kai ƙasa ba ta da daɗi. An yi hargitsi can wasu wurare, labari ya iso mana a gurguje, kowa ya kama bakinsa. Ka zauna da mutum kuna cin tuwo, kana tunanin wa zai kai wa maganarka. Sai aka yi shela a kasuwa: duk mai bindiga ya kai ta biro, wato ofishin hukuma, da ƙafarsa, wanda kuma aka riga shi zuwa aka same ta a hannunsa, to ya kuka da kansa.

Kwana tara da shelar nan wani tsoho ya sauka daga jaki a gaban rumfar Dado. Dogo ne, bayansa a miƙe, tafiyarsa irin ta waɗanda suka yi soja. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne hannunsa na dama. Yana cikin riga, bai fito da shi ba ko da ya yi sallama. Wane irin mutum ne zai zo wurin mutane bai ba su hannu ba? Na ajiye basillata, na sa ido a wata kafa ta zanar da ke tsakaninmu.

Da hagu ya kwance wani ƙunshin fata. Libarba ce, ƙaramar bindigar nan ta Turawan da, mai cin harsashi shida. Ƙarfen ya yi ja da tsatsa, katako biyun da ke rufe mariƙinta kuwa gara ta cinye su, sai ɓurɓushi da wata ƙusa mai murɗi da ta ratsa tsakiya.

"Ƙota nake so, ɗana," in ji tsohon.

Dado ya juya ta, ya shinshina, ya ce, "Baba, wannan a ƙasa ta kwana."

"Shekara goma sha ɗaya a ƙarƙashin rumbu."

Daga nan suka rage murya. Na ga Dado ya ɗauko curin yumɓu, tsohon ya girgiza kai ya nuna bayan rumfa, suka zagaya inda idona ba ya kaiwa. Da suka fito tsohon ya hau jakinsa ya tafi, bai bi ta cikin kasuwa ba.

Ban jira ƙurarsa ta kwanta ba na faɗa rumfar. Na ce, "Kai gara, haukanka ya kai nan? Wa ya ce maka ba turo shi aka yi ba? Ka san shi?"

"Na san hannunsa," in ji Dado.

"Sunansa fa?"

"Kai mai warin jima, koma kan fatunka. In na gaya maka da hantsi, kafin azahar ya isa Damagaram."

Wannan maganar ta ƙona mini rai, ko da yake ba ƙarya ya yi ba.

Sai aka shiga neman abin da za a yi ƙotar da shi, kuma nan ne hankalina ya ƙara tashi. Kwana uku ya jiƙa ƙusar nan da man gyaɗa kafin ta yarda ta murɗu. Ya fara da icen aduwa, ya fere falle biyu sirara, da ya zo huda ramin ƙusa sai ɗaya ya tsage. Ya gwada magarya, ta bushe ta lanƙwashe. Sai ya tafi wurin mahauta neman ƙahon sa. Me ya haɗa mai sassaƙa turmi da ƙaho? Sarkin fawa da kansa ya tare ni yana tambaya, wai me ɗan'uwana ke haɗawa. Da ya gasa ƙahon don ya miƙe, ƙaurin ya cika layinmu, masu tukwane suna toshe hanci suna leƙe. Shi ma ƙahon bai yi ba, ya ce yana santsi in hannu ya yi gumi. Ni dai duk wanda ya gifta ta gaban rumfar sau biyu sai in ga kamar ƙirga mu yake yi.

Ranar Laraba Zalika matarsa ta same ni a gida, ranta a ɓace. Ta ce, "Ila, ka yi wa ɗan'uwanka magana. Taɓaryar da uwata ta zo da ita daga kudu, ta ƙirya, wadda ta girme ni, ita ya ɗauka ya yanke. Na tambaye shi dalili, ya ce icen da ya shekara arba'in yana shan daka ba zai ƙara tsagewa ba. Me yake yi ne da ba ya son a gani?"

Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ni kuwa nawa bai kwanta ba. Ga yadda na lissafa abin, kuma har gobe ina cewa mai hankali ma zai iya lissafa shi haka. Baƙo ya zo da bindiga bayan shela. Ya ɓoye hannu, ya ɓoye suna, ya kauce wa kasuwa. Ko dai ɗan hargitsi ne yana gyara makami, ko kuma turo shi aka yi a gwada wanda zai karɓa ya yi shiru. Ko wanne ne, Dado ne zai kwana a kaso, ya bar Zalika da 'ya'ya biyar. Na ce in shi wawa ne, ni ba wawa ba ne. Gara a ji daga bakinmu.

Ranar kasuwa jandarmomi biyu, 'yan sandan karkara, sukan zo su zauna a inuwar gawo. Na je na durƙusa gaban babbansu, na ce wani baƙo ya kawo wa ɗan'uwana bindiga, mu ba mu san shi ba, na zo in faɗa don a san ba ruwanmu. Ya dube ni ya yi murmushi ya ce na kyauta. Wallahi na tashi ina jin kamar na sauke dami.

Ba su zo ran nan ba. Sai da hantsin Alhamis suka tsaya da dawakinsu a ƙofar rumfar, daidai lokacin da Dado ya gama ɗaure ƙusa. Na ga aikin, kuma ko a wannan halin sai da na yaba. Falle biyun sun zauna a jikin ƙarfen ba inda ko tsinke zai shiga, baƙi-baƙi da ja, ya goge su da yashi da mai har suna sheƙi. Da Dado ya hango kaki, bai ɓoye bindigar ba. Curin yumɓun da tsohon ya matsa ya tura ƙasa ya murƙushe da diddige.

"Ta wa ce?" in ji babban.

"Tawa ce. Gadon ubana."

Na buɗe baki, Dado ya yi mini wani kallo, na rufe.

Babban ya ɗauki libarbar ya riƙe. Sai ya ɓata fuska, ya sake gyara riƙo, ya duba tafinsa. Ya miƙa wa Dado ya ce, "Riƙe mu gani." Dado ya riƙe. Kowa a wurin ya ga abin da ya faru. Gurbin yatsa ɗaya ne kawai a ƙotar, a ƙasansa kuma Dado ya bar wani tudu da zai tokare tafin hannu. Yatsunsa biyu na ƙarshe suka rasa wurin zama, suna reto a kan tudun.

Ƙaramin jandarman ɗan yankin nan ne, ya yi dariya ya ce wa babban, "Shef, wannan ai hannun Baba Audi ne na wajen Tarka, wanda ya baro yatsu biyu a yaƙin Turawa. Duk kwarin nan ba mai irinsa."

Ban taɓa ganin fuskar Dado ta yi haka ba. Ya dubi ƙotar da ya kwana goma sha biyu yana wahala a kanta, ya sunkuyar da kai.

Ba su ma sha wahalar zuwa Tarka ba. Suna fita daga gari da Dado a gaba, mu muna biye daga nesa, sai ga tsohon tafe a kan jakinsa. Ya sa tsohon kakinsa na soja, an wanke an goge, lambobi uku a ƙirji. Da ya ga libarbar a hannun jandarma sai ya sauko, ya tsaya ƙyam. A karo na farko na ga hannun nan a waje.

Ya ce, "Yau zan karɓe ta, gobe in kai ta biro. Kapitan ɗinmu ya ba ni ita da suturarta ranar da aka sallame ni. Ba zan mai da ita hannun hukuma tsirara ba, yara su yi dariya su ce Audi ya bar gara ta ci amanarsa."

Babban ya ce shela shela ce, an riga shi zuwa. Tsohon ya ce a ba shi ya riƙe sau ɗaya. Ƙaramin ya dubi babban, babban ya ɗaga kafaɗa, don kowa na ganin tsatsa ta liƙe kunamar bindigar, ko da guduma ba za ta tashi ba. Baba Audi ya riƙe ta. Ta zauna a hannunsa cif. Ya juya wajen Dado ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana," sannan ya miƙa ta.

Wata biyu Dado ya yi a tsare. Tsohon ya yi bakwai, aka sake shi ya koma gida, bai kai kakar shekarar ba ya rasu. Ni ban gaya wa kowa abin da na yi ba, amma wa ya gan ni durƙushe a gindin gawo ranar kasuwa? Kowa. Zalika ta daina aiko mana da fura.

Na shirya wa dawowar Dado. Na ce zai zage ni, zai kama wuyan rigata, in ba shi haƙuri, in kuma gaya masa shi ma da laifinsa, da ya faɗa mini gaskiya da ba a kai nan ba. Har na haddace maganar. Da safen da ya buɗe rumfa na tsaya a bakin zana na ce, "Gara, an dawo?"

Ya ɗago ya ce, "Malam Ila, ina kwana. Ya iyali?"

Na rantse da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ran nan ya juye tukunyar yumɓun a bayan rumfa, ya ɗauraye ta, ta koma ta ruwan sha. Ya ci gaba da sana'arsa shekara goma sha huɗu, turmi, akushi, ƙota, aiki mai kyau ba laifi. Sai dai ƙotocin duk iri ɗaya yake yin su, ya tara a kwando, mai so ya zaɓa. Mutanen Tarka suka rage zuwa. Ni kuma kullum da safe sai ya gaishe ni da ladabi, kamar baƙon da ya sauka jiya.

Ana saura shekara guda ya rasu ƙotar basillata ta tsage. Na daɗe ina juya ta, sannan na zagaya rumfarsa. Na zauna a inda masu kawo aiki suke zama, na ajiye basillar, na miƙa masa tafin hannuna a buɗe. Ya dube shi, ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa hannu a kwando ya ɗauko wata 'yar ƙota ya ɗora mini a kai.

"Ga wannan, Malam Ila. Duk ɗaya ne."

Da ita nake ɗinki har yau. Ta yi mini kanta a gindin babban yatsa, 'ya'yana sun sha cewa in canza ta, na ce su bar mini abina.