Mai Gadin Rimin Ungulu

Duk wanda ya tashi a Tudun Wada ya san Malam Kailani, ko da bai san sunansa ba: dogon nan mai koɗaɗɗen kaki da keke marar birki, wanda ke bi ta mahauta kullum da safe yana tsintar hanjin da aka zubar. Ma'aikacin gandun daji ne, irin ƙaramin ma'aikacin da ba a tunawa da shi sai an zo rabon laifi. Gandun da aka ba shi gadi tun yana saurayi, can wajen Dutsen Abba, tuni aka yanka shi filaye. Abin da ya rage ɗan fili ne da tsohon rimi guda, sai ungulu biyu, mace da namiji, da ke sheƙa a ƙololuwarsa.

Yaran yanzu ba su san ungulu ba. Masu harkar asiri sun ƙarar da su kaf, wai kan ungulu na kawo mulki. Kailani ba bindiga, ba ko usur, don haka da ƙarya ya yi gadinsa. Shi ya baza a gari cewa rimin gidan aljanu ne, abin da ake hangowa a sama kuma ba tsuntsaye ba ne, masu gidan ne. Mutum ne na sahun farko a masallaci, ƙaryar tana cinsa a rai, amma ta yi aiki, ko masu kiwo kewayewa suke yi. Shi kuwa sai ya zuba musu hanji a gindin rimin, ya koma gefe yana kallo kamar mai kallon jikoki.

Ana haka aka kawo musu sabon shugaba, Alhaji Muntaka, mutum mai son hoto kamar me. Kailani ya kusa ritaya, ba wanda ya taɓa ce masa ko sannu da aiki. Bakinsa ya yi ƙaiƙayi. Ya je ofis ya durƙusa ya fesa wa mutumin komai, har da ɗan da ungulun suka ƙyanƙyashe bana.

Alhaji Muntaka ya miƙe tsaye don murna. Ai irin wannan baƙin ƙasashen waje ke nema! Nan take ya sa ranar taro.

"Ranka ya daɗe," in ji Kailani, "da maganar ta tsaya a ofis."

"Haba Baba, zamanin wayar da kai muke. Camfi ya ƙare."

Aka kafa rumfuna, aka jera kujeru, 'yan rediyo suka zo. Alhaji ya riƙe lasifika ya rantse wa jama'a babu aljani ko ɗaya a wurin, ungulu ne kawai, su ne na ƙarshe a duk yankin. Aka buɗe ƙaton allon ƙarfe mai hoton tsuntsayen a ƙasa, hoton Alhaji a sama. Aka kira Kailani aka tafa masa. Gaskiya ita ce ya ji daɗi, haƙoransa duk a waje.

Ba a yi sati ba ya iske ungulun biyu a gindin rimin, ba kawuna. An barbaɗa guba a hanji, an ajiye daidai inda yake ajiye nasa. Da shi suka saba, shi ya sa ba su yi shakka ba.

Saura ɗan da ke cikin sheƙa, yana jiran uwa. Kailani ya rungumi rimin ya gwada hawa, ƙirjinsa ya sassale, ya faɗo. Ya garzaya ofis neman tsani da mota, aka ce motar ta kai baƙi Kaduna, ya dawo gobe. Goben aka ce jibi. Yana nan zaune a ƙasa yana ɗaga kai har motsin da ke sama ya tsaya. Ya yi kuka wiwi, dattijo da furfurarsa.

Da ya samu ganin Alhaji Muntaka, mutumin ko ajiye wayarsa bai yi ba.

"Allah ya kyauta. Kada dai ka yaɗa zancen, akwai baƙin da za su zo wata mai zuwa. Kuma ka sa ido sosai a kan allon nan, na ji 'yan gwangwan masu neman ƙarfe sun fara zagaya shi."

Yanzu aikinsa ke nan. Har yau yana bi ta mahauta da safe, don ƙafar ta saba. Mahautan sukan tura masa hanjin, ya girgiza kai, ya wuce gadin allo.