Kiryar Gidan Maƙera

Shekarar da na shiga aji shida na sakandare, ba abin da na ƙware a kai kamar cika baki. Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, kuma kusan kowace safiya a filin taro shugaban makarantarmu sai ya tuna mana cewa ofisoshin Birnin Kebbi cike suke da kujeru babu masu zama. Mu kuwa muna tsaye da wandunan da suka ɗage mana har ƙwauri, cikinmu babu komai sai kunun da ake iya ganin fuska a cikinsa, amma kowa ya riga ya zaɓi kujerarsa. Ni safiyo, wato awon ƙasa, nake so in karanta a jami'a. Taswira ce ta shiga raina. Malaminmu na labarin ƙasa ya koma Sakkwato da aka raba ma'aikata, ya bar mana littafi guda mai yagaggen bango, ni na riƙe shi, har 'yan ajinmu suka koma tambayata kamar ni ne malamin. Kaina ya yi girma, ban ɓoye ba.

Makarantar ta kwana ce, a Yelwa. Gidanmu kuwa yana can bakin tafki ƙasa da Wara, a ɗaya daga cikin ƙauyukan da gwamnati ta gina wa mutanen da ruwan madatsa ya tayar. Ni a nan aka haife ni. Tsohon garinmu ban taɓa ganinsa ba, yana ƙarƙashin ruwa tun kafin a san za a yi ni.

Babana direban jirgin ruwa ne, na katako mai inji, yana ketarar da mutane da kayansu ranar kasuwa. Masu jirgi suna da yawa, amma shi daban yake, don shi kaɗai yake yanke ta kan tsohon garin. Sauran duk zagaye suke yi, su ƙona mai, su ɓata rabin safiya. Dalili shi ne itatuwa. Da ruwa ya zo ba a sare itatuwan garin ba, suna nan tsaye a ƙasa, kuma kututture ɗaya ya isa ya tsaga jirgi gida biyu. Baba ya san su ɗaya bayan ɗaya, domin a ƙarƙashinsu ya yi wasa yana yaro. Kuka, in ji shi, tun shekarun farko ta ruɓe, ba ta da ƙashi. Tsamiya, marke, giginya da kirya su ne ba su san mutuwa ba. Yana tuƙi yana bin lungunan da ya sani, ya bi ta bayan masallaci, ya ratsa kasuwa, ya fita ta hanyar rafi, alhali kai da ke zaune ba ka ganin komai sai ruwa. Tun da aka yi tafkin bai taɓa gogar itace ba, kuma matan da ke kai albasa kasuwa sun gwammace su jira shi ko da wani jirgin ya riga shi cika.

Shi ya kai ni makaranta da hannunsa, kada wani ya ɗauka irin iyayen nan ne masu gaba da boko. In na zo hutu yakan sa in karanta masa rubutun jikin injin, ya saurara kamar ana masa wa'azi, sannan ya ce, "To, ɗan boko, ai shi ma injin nan bai san abin da ka sani ba."

Da na zo hutun zango na biyu, ruwa ya fara janyewa. Lokacin ne kawunan giginyoyin tsohon gari suke leƙowa, baƙaƙe, babu ganye. Kwana biyu da zuwana ya ce in ɗauko doguwar gorar tura jirgi in shiga. Bai ɗauki fasinja ba. Da muka kai tsakiya ya kashe inji.

"Mi ka gani?" ya tambaye ni.

"Giginyoyi, Baba."

"Waɗanga ba su kashe kowa, tunda suna nuna kansu. Masu kunyar su ne abin tsoro, waɗanda ko ruwa ya janye ba su fitowa. Da masu nuna kai ake gane inda masu kunya suke. Wanga karatu sai a wanga lokaci, in ruwa ya dawo an rufe makarantar."

Ya nuna mini yadda yake yi. Za ka daidaita giginya kaza da bakin dutsen da ke gaɓar can, in sun hau kan juna, to kana bisa hanyar kasuwa. Ka ci gaba har wata giginyar mai karkataccen wuya ta ɓuya bayan 'yar'uwarta, nan za ka karya hagu, don tsamiyar gidan liman tana gabanka. Sai ka zura gora ka taɓa ta, hannunka ya san zurfinta. Ni kuwa, mai littafin labarin ƙasa, sai na zaro littafin rubutu da fensir daga aljihu. Na ja layi, na sa kibiya mai nuna arewa, na fara ɗiga itatuwa ina ba su lamba. Har ina jin daɗin kaina.

Ya dube ni ya dubi takardar. "Ita za ta riƙe maka gora?"

"Baba, in an zana shi sau ɗaya shi ke nan, ko jikoki sai su duba."

"To, zana."

Kwana uku muka yi muna fita. Na cika shafi huɗu, kuma gaskiya ko kashi ɗaya cikin goma ba mu taɓa ba. A rana ta uku na gaya masa cewa gobe zan koma, an kira 'yan aji shida darasin share fage kafin jarrabawar fita. Muna ɗaure jirgi a gaɓa lokacin. Ya daɗe yana ƙulla igiyar da ba ta buƙatar ƙulli.

"Ka ba ni wagga janyewar ruwa," ya ce. "Kwana arba'in. In ka ba ni su, na gama da kai."

"Baba, jarrabawa fa."

"Ita jarrabawar, in mutum bai yi ta bana ba, ana yin ta baɗi?"

"Ana yi. Amma abokaina duk za su wuce ni. Wata uku ne kawai, in na gama ai ruwa bai dawo ba tukuna, sai mu yi ta fita har ka gaji da ni."

"Wata uku," ya ce.

Da yamma Inna tana juya kifi a kan wutar banda, ta kira ni ba tare da ta ɗago ba. Ta ce, "Kai da ake cewa kana da ilimi, ka dubi idon ubanka kuwa?"

Na duba, kuma a nan ne nake jin kunyar kaina har yau. Na riga na gani tun ranar farko. Na ga yadda yake runtse ido yana neman dutsen da ni nake gani ƙarara. Na ga ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa ya kama iska. Na gani, na kawar da kai, don in na yarda na gani to sai na zauna, ni kuma ba na son zama. Na ce wa Inna tsufa ne, in na dawo zan kai shi asibiti a auna masa tabarau. Ta ce, "Allah ya kai mu," irin faɗin da ba ya nufin an yarda.

Na koma makaranta na faɗa cikin karatu kamar wanda ake kora. Da asuba mu yi layin famfo, mu sha kunu, mu shiga aji. Malaman da suka rage ba su kai yatsun hannu biyu ba, mai koya mana lissafi shi ne mai koya mana kimiyya, shi ne kuma mai duba ɗakin kwana. Da rana mu baje ƙarƙashin dalbejiya muna haddar tsofaffin tambayoyi. Na haddace tsawon koguna na ƙasashen da ban san ko da gaske akwai su ba. Na cike takardar neman shiga jami'a, na rubuta safiyo da manyan baƙaƙe, na shafa ta kamar amarya. Wani lokaci ina tsakiyar karatu sai giginya mai karkataccen wuya ta faɗo mini a rai, in yi maza in buɗe wani shafin. Ina gaya wa kaina cewa duk don su nake yi, in na zama wani abu Baba zai huta da ruwa. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Amma kuma ina son kujerar nan ta Birnin Kebbi, so mai tsanani, kuma ina tsoron a ce ɗan mai jirgi ya koma jirgi.

Abin da ban taɓa tambayar kowa ba a lokacin shi ne, me ya sa abin da ke kan Baba ba ya cikin abin da ake kira ilimi? Babu wanda zai ba shi takarda a kai. Ni ma da nake ɗansa, sai da na mayar da shi ɗigo da lamba kafin na ga ya cancanci a riƙe.

Ranar da na rubuta takarda ta ƙarshe ban ko tsaya bankwana ba, na hau motar Wara da akwatina. Tun daga gangaren gaɓa na hango jirginmu a kife a kan tudu, an yi masa faci da sabon katako a gefen ciki. Inna ta tare ni a ƙofar gida ta gaya mini a tsaye. Sati uku da suka wuce, ranar kasuwa, ya ɗauko mata da buhunan albasa, ya hau kan itace. Allah ya taƙaita, kusa da wani tsibiri ne, masunta suka kwashe mutane, ba a rasa rai ba. Albasa ta tafi. An gyara jirgin, ya koma gaɓa ranar kasuwa ta gaba ya zauna a ciki tun safe. Matan nan da suka shekara ashirin suna jiransa suka riƙa gaishe shi da ladabi, suna wucewa su shiga jirgin masu zagaye. Har azahar ba wanda ya taka nasa. Shi ya sa aka kife shi.

"Don me ba a aiko mini ba?"

"Shi ya hana. Ya ce kada a taɓa maka karatu."

Na same shi a zaure a kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, ya juyo da fuskarsa wajen muryata, amma idon ya sauka a kan kafaɗata. Ya tambayi hanya, ya tambayi jarrabawa, na ce alhamdu lillahi. Na ci jarrabawar kuwa, in faɗa tun yanzu. Na tafi jami'a, na karanta safiyon, na yi shekaru ina auna filayen mutane. Ba wannan ne labarin ba.

Washegari na ce masa, "Baba, ga ni. Ruwa bai dawo ba. Mu fita."

Ya ce a kira maƙwabta su taya mu tura jirgi.

Na zaunar da shi a tsakiya, ni na riƙe inji, littafina a buɗe a kan cinya. Hadari ya wanke sama, giginyoyin duk sun fito, sun ma fi na wancan karon yawa tunda ruwa ya ƙara sauka. Nan na fara ruɗewa. A takardata goma sha ɗaya ne, a gabana sun fi talatin, kuma duk kamarsu ɗaya.

"Mai karkataccen wuya tana ina?" ya tambaya.

"Akwai guda uku masu karkata, Baba."

"Wadda ta karkata wajen gabas, mai tsaguwa a kai."

Na duba. Biyu sun karkata gabas. Tsaguwa kuwa kowace tana da ita. Na zaɓi ɗaya na ce ga ta nan. Ya ce in daidaita ta da bakin dutse, na daidaita yadda na iya. Ya sa na rage wuta, muna tafiya a hankali, yana kiran gidajen da muke wucewa a kansu, gidan wanzamai, gidan kakarsa, rijiyar da aka hana yara leƙawa. Muryarsa ta warware, har ya yi dariya da ya tuna wani jaki da ya taɓa faɗawa rijiyar. Ni kuwa ban san ko a kan garin muke ba ko mun bar shi can baya.

"Kashe inji," ya ce. "Kiryar gidan maƙera tana nan hannunka na dama. Ita na hau ranan. Zura gora ka taɓa ta, ka san ta, kada ta ci ka kai ma."

Na zura gora. Ta tafi har ƙarshenta, hannuna ya shiga ruwa zuwa gwiwa, babu komai. Na matsa gaba na sake. Na gwada hagu. Ruwa ne kawai, mai sanyi. Na dube shi yana zaune ya karkato kunne, fuskarsa cike da jira, sai na ji ba zan iya ba.

"Na taɓa ta, Baba."

"Ka taɓa?"

"Na taɓa. Ga ta nan."

Ya sa tafin hannunsa a kan katakon jirgin, ya bar shi a nan.

"Kirya in gora ta same ta, har cikin jirgi ake jin ta," ya ce a hankali. "Ba laifinka ba ne, ɗana. Tada inji. Ka bi ta zagaye, yadda kowa ke bi."

Na tada inji na juya kan jirgin. Har muka iso gaɓa bai sake kiran gidan kowa ba.