Nata'ala Ɗan Kamasho da Kujerun Jirgin Jidda

Malam Nata'ala ya yi yawancin rayuwarsa a tashar motar garinmu, tun garin yana amsa sunan Abuja, kafin a mayar da shi Suleja. Ɗan kamasho ne: shi ke nemo fasinja, shi ke tsayawa a kan lodi, shi ke nuna wa kowa inda zai zauna a manyan motocin da ke zuwa Kaduna da Minna da Keffi. Ba a taɓa kama shi da cin amanar kowa ba, haka kuma ba a taɓa jin ya amince da kowa ba. Idan fasinja ya cika gaisuwa, sai ya ce akwai abin da yake ɓoyewa. Idan bai gaisa ba, sai ya ce ba ya so a riƙe muryarsa ne. Da labari ya zo cewa za a ɗauke sunan garin a ba sabon birnin da gwamnati za ta gina, bai yi mamaki ba. Cewa ya yi, a duniyar da ake raba gari da sunansa da rana tsaka, kowa ya riƙe 'ya'yansa da kyau.

Wajibi ne a yi masa adalci, domin zarginsa yana da tushe. Yana yaro mahaifinsa ya tafi da shi da ƙanensa Yalwa aikin hajji ta ƙasa. A wani zango cikin ƙasar Sudan motarsu ta cika, sai wani mutum mai fara'a ya ce a ba shi ƙaramin ya zauna kusa da shi a motar da ke biye, zai riƙe shi kamar ɗansa. Motar da ke biyen ta iso zango na gaba. Mutumin bai iso ba, Yalwa ma haka. Daga wannan rana Nata'ala ya kafa wa kansa ƙa'ida cewa yaro ba ya zama inda hannun ubansa ba zai kai ba. Aikin tasha kuma ya ƙara masa ta biyu: mai hankali ba ya shiga mota sai ya ga an ɗora kayansa da idonsa. Kowace daga cikinsu daidai ce idan aka dube ta ita kaɗai. Abin da bai taɓa lissafawa ba shi ne, wata rana za su iya cin karo da juna.

A shekarar 1976 Allah ya nufe shi da tafiya hajji tare da matarsa Rabi. 'Yan uwa suka ce a bar musu yaran, Ummi mai shekara bakwai da Sabo mai huɗu. Ya saurare su har suka gama, sannan ya tafi da yaransa.

A sansanin alhazai na Kano, inda aka yi kwanaki ana jiran jirgi, ya jera akwatunansa kamar katanga ya sa iyalinsa a ciki. Wani dattijo ya miƙo wa Sabo dabino, Nata'ala ya ce sun gode, amma ba su san shi ba. Wanda ya tambayi sunan yaran kuwa, tambaya yake samu a maimakon amsa. Cikin maniyyatan garinmu akwai Abimbola, Bayarabiya mai sayar da kwanuka a babbar kasuwa, wadda ta taho da mahaifiyarta, tsohuwa mai raunin gani. Wata safiya ta ba Ummi alewa. Nata'ala ya karɓe, ya bi ta har shimfiɗarta ya mayar mata.

"Baba Ummi, alewa ce fa," in ji ta. "Yarinyar da kullum take wucewa ta gaban rumfata in za ta makaranta."

"Na sani, Iya. Abin da ban sani ba shi ne dalilin da ya sa kika lura da wucewarta."

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, "Allah ya ba ka lafiya," ta jefa alewar a bakinta.

Ranar tashi aka sanar cewa jirgin na alhazai ne zalla, babu lambar kujera, kowa ya zauna inda ya samu. Mutane suka nufi matakala suna turereniya. Nata'ala kuwa ya ja ya tsaya a gefe, yaro a kowane hannu, ya zuba ido ga ma'aikatan da ke tura kaya cikin tumbin jirgin. Akwatinsa na ƙarfe mai koren fenti yake jira ya gani.

"Malam, mutane suna ta shigewa," in ji Rabi.

"Su shige. Kujerun a kafe suke da ƙusa, ba inda za su. Akwatin ne za a iya ɗauka."

A nan kuskurensa yake, kuma kuskure ne irin na gwani. A tasha ɗan kamasho ne ke shiga daga ƙarshe, kuma bai taɓa rasa wuri ba, domin duk direba ya san shi, ana ajiye masa gaban mota. Bai tsaya ya tambayi kansa wa zai ajiye masa wuri a inda ba a san shi ba. Sai da koren akwatin ya shige sannan ya hau matakala, su ne na ƙarshe.

A ciki kujerun uku-uku ne dama da hagu, hanya a tsakiya, ko'ina ya cika da fararen kaya. Wurare huɗu suka rage: biyu a jere can gaba, ɗaya a tsakiyar jirgi, ɗaya a ƙurya kusa da bayan gida. Nata'ala ya ce abin mai sauƙi ne, shi da Rabi za su zauna a biyun nan, kowa ya ɗora yaro a cinya kamar yadda ake yi a mota. Ma'aikaciyar jirgin ta amsa cikin ladabi cewa yaran sun wuce goyo, dole kowanne ya zauna a kujerarsa a ɗaura masa bel, in ba haka ba jirgi ba zai tashi ba. Ya dube ta ya tambaya wa ya aiko ta da wannan magana.

Rabi ta zauna da Sabo a gaba. Saura Ummi. Nata'ala, wanda ya yi shekara da shekaru yana tayar da mutane daga wurinsu da kalma ɗaya, ya shiga bin layi yana roƙon a yi musanya. Wasu suka kau da kai, wasu suka duƙufa ga carbi. Dattijon nan mai dabino ya ce, "Malam, ai ka ce ba ka san mu ba." Ban ce sun kyauta ba. Amma wanda ya yi kwanaki yana nuna wa maƙwabtansa cewa ɓarayi yake ɗaukarsu, bai kamata ya yi mamaki ba idan suka ƙi tashi dominsa.

Kujerar tsakiyar jirgin tana bakin hanya. Kusa da ita Abimbola ce, mahaifiyarta kuma a jikin taga.

"Kawo ta nan, Baba Ummi," in ji ta. "Kai je ka baya. Zan riƙe ta kamar 'yata."

Ba ta san cewa ta maimaita maganar mutumin Sudan ba. Nata'ala ya ja Ummi bayansa, ya gaya wa ma'aikaciyar cewa a buɗe ƙofa, shi da iyalinsa za su sauka, hajjin bana ya haƙura. Rabi ta waiwayo daga gaba, duk wanda ya ga fuskarta ya san shekarun da ta yi tana jiran wannan rana.

Abimbola ta kwance bel ɗinta, ta miƙe. "Zauna a wurina. Ni zan koma bayan."

"Me za ki samu a ciki?"

"Warin bayan gida, shi zan samu. Amma tsaya ka ji. Wannan uwata ce, ba ta gani sosai, ba ta jin Hausa. Ni ma ban yarda da kai ba. Mutumin da ke ƙwace alewa a hannun yarinya, wa ya san abin da zai yi wa tsohuwa? Daga can ina hango ƙeyarka. Ka motsa, na gani."

Abin lura shi ne, wannan magana ce ta kwantar masa da hankali. Fara'a ce ta ɗauke masa ƙane, saboda haka alheri tsirara bai taɓa shiga kansa ba. Amma mace mai tsoron abin da zai yi wa nata, kamar yadda yake tsoron abin da za ta yi wa nasa, wannan ya gane ta. Ya sa Ummi a tsakiya, ya zauna a bakin hanya, ya kama hannunta na dama.

Da jirgi ya fara gudu, tsohuwar ta firgita, ta lalubo hannun Ummi na hagu ta riƙe gam tana salati. Nata'ala ya ga haka, zuciyarsa ta ce ga shirin ya fara. Ya yi wa kansa hisabi yadda ya saba: tsohuwa ce, ba ta gani, ƙofa a rufe, ƙasa ta yi nisa, babu motar da ke biye. Hujja ta ce babu inda za a kai yarinyar. Duk da haka bai saki ba, ita ma tsohuwar ba ta saki ba, Ummi ta zauna a tsakani kamar akuyar da masu ciniki biyu ke ja.

Haka suka tafi har aka kawo abinci. Ummi ta dubi shinkafar, ta dubi hannayenta.

"Baba, da wane hannu zan ci?"

Tambayar ba ta da amsa biyu. Shi ya koya mata cewa ba a cin abinci da hagu, kuma hannun dama a wurinsa yake. Ya daɗe yana kallon yatsun tsohuwar, sannan ya buɗe nasa. Ummi ta ci. Da ya ga tsohuwar tana lalube a kan tiren, sai ya miƙa hannu ta gaban yarinyar ya buɗe mata murfin, ya sa mata cokali a hannu. Ya waiwaya. Abimbola na tsaye a ƙarshen hanya, ta harɗe hannuwa, idonta a kansa. Ya ɗaga tafukansa biyu ya nuna mata babu komai a ciki. Ta gyaɗa kai, ba ta yi murmushi ba, ba ta kuma zauna ba.

Sun sauka Jidda su huɗu, sun dawo gida su huɗu. Ba zan ce Alhaji Nata'ala ya sauya hali ba, domin bai sauya ba. Ya ci gaba da zargin masu gaisuwa da marasa gaisuwa har ya bar tasha. Abu guda ne ya canza a aikinsa. Daga dawowarsa, duk motar da yake lodi, mai yara ne ke fara shiga, a zaunar da shi da 'ya'yansa wuri ɗaya, shi kuwa ya tsaya masa a kan kayansa har a ɗaure. Fasinjan da ya riga ya kama wuri ya ƙi tashi, sai ya nemi wata motar.

Rabi takan aiki Ummi rumfar Alhajiya Abimbola sayen kwano, shi kuma yakan sami dalilin bi ta layin a daidai lokacin. Wata rana Rabi ta ce masa, ai yanzu ya ci a ce ya yarda da matar nan.

"A waccan tafiyar dai ba ta ɗauke ta ba," in ji shi. Ya ɗauki hularsa ya bi bayan yarinyar.