Ɗan Inno Ya Zaɓi Nesa

Ubaidullahi malamin kwaleji ne, mazaunin Kalgo, mai jan babur da jakar littattafai a goye. Ɗalibansa sun san a Turkiyya ya yi digirinsa na biyu a falsafa, kuma in suka tambayi abin da ya sa ya tsallake jami'o'in gida, sai ya ce ɗakin karatun can ya ja shi. Ni da muka tashi tare na san ba haka ba ne.

Shi ne ɗan farin Mairama ta Gwandu. Ana yaye shi aka kai shi Kalgo wurin kakarsa Inno. Mairama mace ce mai riƙon kunyar ɗan fari: ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Shi kuma Adda yake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. In ya je hutu, yana durƙushe a ƙofar ɗakinta za ta juya wajen ƙanwarsa Ilham ta ce a tambayi ɗan Inno ko ya ci abinci. Ilham ta tambaye shi, ya amsa wa Ilham, gida ya ɗauki dariya. Shi ma yakan yi dariyar, har ya girma a haka.

Shekarar da aka tura shi bautar ƙasa can kudu ne wani abu ya faru. Ya kira Ilham wata rana, ita kuma hannunta na cikin kwaɓin masa, sai ta manna wa Mairama wayar a kunne. Mairama ta tambaye shi ko ruwan sama bai dame shi ba. Shi ta tambaya, ba ta bakin kowa ba. Daga nan duk mako sai sun gaisa. Da ya dawo Gwandu da takardar kammalawa, ta juya wajen Ilham ta ce a yi wa ɗan Inno sannu da hanya.

Ba a jima ba gurbin karatu biyu suka zo masa, ɗaya a wata jami'a nan kusa, ɗaya a Turkiyya. Baffansa Malam Zayyanu ya zaunar da shi a zaure ya ce abin a fili yake. Bincikensa a kan yadda malaman Gwandu na da suka ɗauki hankali da hujja ne, rubuce-rubucensu kuwa ga su cikin adakokin gidajen da ya sani tun yana yaro. Malamin da zai duba aikin a gida ya yi alkawarin riƙe shi har digiri na uku. A can kuwa sai ya ɓata shekara yana koyon yare, a hannun wanda bai taɓa jin sunan Gwandu ba. Ubaidullahi bai musa ko ɗaya ba. Ya ce zai yi tunani, alhali ya riga ya je an ɗauki hoton fasfo.

Na tsare shi a teburin mai shayi a tashar Kalgo.

"Malam mai hujja, hujjojinka duka gida suka nuna. Mi kake nema can?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"In nan na zauna, duk Juma'a ina Gwandu," ya ce. "Sai dai a tambayi ɗan Inno."

Ya tafi. Har yau in yana labarin shekarun nan, ba ya ambaton darasi ko malami. Sanyi yake tunawa, da tagar ɗakinsa, da muryar Adda tana ba shi labarin shinkafar fadama da ruwa ya ci, da akuyar Ilham mai shiga gidan maƙwabta, da ƙuruciyar ita Addan a garin Malisa. Tana yi masa tsiya, wai falsafar nan ta taɓa ƙosar da wani? Ta waya ta faɗa masa cewa ranar da aka ɗauke shi zuwa Kalgo bayan rumbu ta ɓuya, ta yi kukan da ba wanda ya gani. Sunansa dai ba ta faɗa ba, amma ta ce masa "kai", kuma wannan ya ishe shi. Kundinsa ya fito da rauni, shi da kansa ya ce da a gida ya yi da ya fi haka. Ban ji nadama a muryarsa ba.

Da ya dawo, ya yi rajistar digiri na uku a gida, sai ya ƙi zama Gwandu, ya kama tsohon ɗakin Inno a Kalgo, yana zaton wannan ɗan nisan zai wadatar. Makon farko ya kira. Ilham ce ta ɗauka, ya ji Adda daga gefe tana cewa a gaya wa ɗan Inno Kalgo ba nisa ba ce, in yana da magana shi taho.

Ya riƙa zuwa duk Juma'a, yana durƙusawa a ƙofar ɗaki yana amsa wa Ilham, har daminar da Adda ta rasu.